Birki

birki, wasu su ce burki. Suna, namiji. Aro ne daga kalmar Ingilishi *brake*, ya shigo Hausa tare da jirgin ƙasa, keke da mota.

1. Abin da ke rage gudun abin hawa ko ya tsayar da shi. A ƙaramar mota, idan direba ya taka shi da ƙafa, man birki ne ke kai ƙarfin zuwa tayoyi. Na manyan motoci kamar tirela da iska yake aiki. Akwai kuma birkin hannu, wanda ake ja idan an ajiye mota a gangara. *Birki ya ƙwace wa direba, motar ta faɗa rami.* *Ya ci birki a gaban masallaci*, wato ya tsaya nan take.

2. A ma'anar aro: hana wani ci gaba da abin da ya ɗauko da ƙarfi. *Kotu ta taka wa gwamna birki kan rushe kasuwar.* *Uwar gida ta taka wa ɗanta birki a kan yawon dare.* Turawa ma haka suke yi da kalmarsu, sai dai Bahaushe ya kai ta har ga harshe: *bakinta ba birki*, ana nufin duk abin da ya zo mata faɗa take yi. Mai magana kuma kan *ja birki* idan ya ga zai yi ɓaranɓarama.

'Yan jarida sun cika yawaita "taka birki" a kanun labarai, har ga abin da ba a soma ba. Wannan kuskure ne. Abin da ke tafiya ake taka wa birki. Wanda bai motsa ba, "hana" ta wadatar.