Ƙofar gida ta wa ce? Tarihin rumfa da dakali daga zamanin danga zuwa na lotisma

Yau maganar ƴar rumfar nan ce da dakalin da kowa ke son kafawa a ƙofar gidanshi, da dalilin da ya sa wani lokaci ma'aikatan magajin gari ke cewa a cire.

A da, a garuruwanmu na cikin Dallol Bosso, iyakar gida ita ce danga ta kara ko zana. In iyali sun ƙaru a tura danga gaba, in sun ragu ta dawo baya. Mai hali ya gina zaure, nan yake tarbar baƙo, nan ake sulhu, baƙon namiji ba ya wuce nan. Wanda bai da zaure ya kafa sanduna huɗu ya shimfiɗa zana bisa. Ba takarda, amma akwai doka: kada ka tare hanyar rijiya, kada ka toshe burtalin shanu, kada ka juya ruwan sama cikin gidan maƙwabci. In rigima ta tashi, mai gari da dattawa su zo su duba da ido. Malamai kuma suna da nasu ma'auni daga fiƙihun Malikiyya: mai gida na da hakkin amfani da harabar jikin bangonshi, ya zauna ko ya ɗaure dabba, muddin bai cutar da mai wucewa ba. Hadisi ma ya ƙayyade kamu bakwai ga faɗin hanya in an yi jayayya.

Faransawa sun kafa sansani a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka naɗa Gado Namalaya sarkin Kurfai a 1901. Abin da suka kawo wanda ya shafi ƙofar gida shi ne layi. Dokarsu ta 29 ga Satumba 1928 ta ayyana abin da ake kira filin gwamnati na kowa da kowa a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, kuma hanyoyi na ciki. Ta 26 ga Yuli 1932 ta sake tsara rajistar filaye da takardar mallaka. A dunƙule ma'anar ita ce: daga jikin bangonka zuwa waje ba naka ba ne, ba a saye, ba a gado, kuma daɗewa a wurin ba ya maida shi naka. A Yamai aka fi ganin aikin layin, bayan an maido babban birni daga Damagaram a 1926: Turawa suka hau tudu, kwarin Gunti Yena ya raba su da ƴan ƙasa, aka yanka unguwanni murabba'i murabba'i da tituna miƙaƙƙu. Wannan salon ne ya bi sauran garuruwan da kumandan ke zaune. Mulkin mallaka ya tafi a 1960, layin ya zauna.

To ga inda gizo ke saƙar. Parsel ɗin lotisma an auna ta ne da tunanin mai gida zai yi falo a ciki. Mu kuwa zamanmu na waje ne. Tsoho na son iskar la'asar, yara na karatun allo, uwar gida na tuyar ƙosai da safe, ranar suna ko zaman makoki titi ne ɗakin baro. Sannan daga shekarun 1990 fada ta samari ta bazu ko'ina a Nijar, da butar shayi da benci, ita ma rumfa take nema. Mutum ya cinye filinshi duka da ɗakuna, sai ya fito waje neman inuwa. Da farko zana ce, gobe kwano, jibi dakalin siminti, wata rana ka tarar an ja bango an sa ƙofa, ya zama shago. Mita biyu daga wannan gefe, mita biyu daga wancan, amalanke ta kasa wucewa, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidan wanda ke gangare. Shi kuwa galibi talaka ne mai ginin laka.

Filinge kwamin ce ta birni, maganar izinin gini da amfani da bakin titi tana hannun ma'aikatar magajin gari. Daga Afrilu 2024, da aka rusa majalisun, kantoma ke riƙe da ita. Dokar tsarin birane ta 12 ga Afrilu 2017 na nan a kan tushe guda: titi na jama'a ne. Abin da mutane da yawa ba su gane ba, rasit ɗin harajin da kake biya don rumfa ko tebur ba takardar fili ba ne. Izinin aro ne, ana iya janye shi. Ƴan kasuwar Yamai sun ga haka a 2016, lokacin da gwamna Hamidu Garba ya sa aka rushe shaguna da rumfunan bakin manyan tituna, kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Da yawa sun ce suna biyan haraji shekara da shekaru, amma katafila ba ta tambayi rasit ba.

Ni a ganina laifin bai tsaya ga mai rumfa kaɗai ba. Hukumar da ke karɓar kuɗi ta yi shiru har siminti ya bushe, ita ma da hannunta. Kuma rumfar zana da tsohuwa ke saida goro a ƙarƙashi ba ɗaya ba ce da bangon bulo da ya ci hanyar ruwa. Doka ta ware su a fili, a faɗa a rediyo da Hausa da Zabarmanci: mita nawa aka yarda, da wane irin kaya, a kan wane titi. Yanzu da rashin tsaro ya koro ƴan uwanmu daga ƙauyukan arewa zuwa cikin gari, kowane taƙi na inuwa ya yi tsada.

Wanda ke shirin zuba dakali bana, ya fara nemo turakun siminti na iyakar parsel ɗinshi, ya dubi inda ruwa ke bi, ya gaya wa maƙwabcin gangare, sannan ya je ma'aikata ya karɓo izini a rubuce, da hatimi da kwanan wata.