Daga Jigo zuwa Kanal: Tarihin Rabon Ruwan Noman Rani a Arewacin Kano

Ƙasar da ta taso daga Ungogo da Minjibir ta miƙe zuwa Ɗambatta, Bichi da Bagwai, ƙasa ce da gona ke manne da gona. Jama'a sun yi yawa, gado ya rarraba filaye, shi ya sa tun da can ba a barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki. Da rani kuwa, mai fili a fadama ko a gefen kogin Jakara yakan kafa jigo, ya ɗebo ruwa da guga ya zuba wa lambunsa. Kowa da rijiyarsa, kowa da ƙarfinsa. In rigima ta tashi, mai unguwa ko dagaci ya kashe ta.

Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ne ya ƙara wa gwamnati himmar tare ruwa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala madatsar Tiga a 1974, daga nan zuwa wajen 1980 aka gina na arewa: Tomas a ƙasar Ɗambatta, Jakara a Wasai, Gari a wajen Kunci, da Watari a Bagwai. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwa ya samu, amma tsarin ya zo daga sama. Ma'aikaci ke buɗe ƙofar ruwa, shi ke rufewa, hukuma ke yashe kanal. Manomi ya zama ɗan kallo a kan abin da rayuwarsa ta rataya a kai. Abin da ya faru a madatsar Bakalori a 1980, inda aka rasa rayukan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, ya nuna inda rashin shawara da masu ƙasa ke kaiwa.

Da kuɗin mai ya ja baya, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai hukumomi suka kasa riƙe abin da suka gina. Yashi ya cike kanal, ciyawa ta toshe magudanai, ƙofofi suka yi tsatsa. A nan ne matsalar da har yau ake fama da ita ta fito fili, wato tsakanin na sama da na ƙasa. Wanda gonarsa ke kusa da bakin ruwa yakan sha ya ƙoshi. Na can ƙarshe sai ya kwana a gona da fitila, yana jiran ruwa ya iso tsakar dare, tumaturinsa na yaushi. Wani ya datse da buhun ƙasa, wani ya fasa gefen kanal, kowa na cewa ai kayan gwamnati ne.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu juyawa. Bayan wani taro da aka yi a Damagaram a 1982, sun miƙa gudanar da filayen ban ruwa ga ƙungiyoyin manoma, irin na Jiratawa kusa da Maraɗi. A Kano, sai a farkon shekarun 1990 aka fara gwada haɗa hukuma da manoma a aikin ban ruwa na Kadawa da Kura. A 1993 shirin Fadama, wanda hukumar raya noma ta KNARDA ta gudanar a jihar, ya tara manoma ƙungiya-ƙungiya don samun injin ban ruwa da rijiyar tubwel. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda ya ɗora gyaran manyan ayyuka irin na Kogin Kano a kan sharaɗin ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Daga baya shirin noma na jihar, KSADP, da tallafin Bankin Musulunci, ya gyara hanyoyin ruwan Watari.

Aikin irin wannan ƙungiya a bayyane yake. Masu shan ruwa daga magudana ɗaya su zaɓi shugabanninsu, su tsara ranar kowane layi, su tara kuɗin ruwa, su fito da shebur da lauje kafin shukar rani su share kanal, su ci tarar wanda ya saci ruwa. Hukuma kuma ta riƙe madatsa da babban kanal. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka gaji aikin gayya, suka san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai shekarun nan sun koyar da darasi. Ƙungiyar da aka kafa don karɓar taki ko inji takan watse da zarar shiri ya ƙare. Wadda ke ɗorewa ita ce wadda manomi ke ganin kuɗinsa ya koma gyaran kanal ɗinsa, ana karanta lissafi a gaban kowa, kuma na ƙarshen layi da mai hayar fili suna da bakin magana kamar mai babbar gona. Madatsun Tomas, Gari, Jakara da Watari sun haura shekara 40, bakunan da suke ciyarwa kuma sai ƙaruwa suke. Haƙƙin gwamnati ne ta ba ƙungiyoyin nan iko na gaske a rubuce, haƙƙin manoma kuma su riƙe amanar juna, domin adalcin rabo shi ne zai sa kowa ya yarda ya biya, ya kuma fito aiki.