Lak, Man da Miliyan a Kasuwar Dubai

Tun zamanin fataucin lu'ulu'u, da rupi na Indiya attajiran Dubai suke ciniki, kuma haka aka ci gaba har shekarar 1966. Tare da kuɗin nan ƙidayar Indiyawa ta shigo: dubu ɗari su ce lak, miliyan goma su ce kuror. Turawan Ingila kuwa, waɗanda ƙasar ke ƙarƙashin kariyarsu har 1971, sifiri uku-uku suke yankawa, daga dubu sai miliyan.

Da kayan Japan suka cika kasuwa, yadi da agogo da rediyo, sai ga ƙidaya ta uku. Japanawa huɗu-huɗu suke yankawa: dubu goma ita ce man, miliyan ɗari kuma oku. Miliyan guda a bakinsu man ɗari ne, abin da Ba'indiye zai kira lak goma, ya rubuta 10,00,000.

Tafintan da ya ji man ɗari uku ya ce miliyan talatin, ya ninka bashin ubangidansa sau goma. Shi ya sa ɗan kasuwa mai hankali ba ya cewa ya sallama sai an rubuta adadin, ya ƙirga sifiri da kansa.