Dabbar da aka saya da ciwo: daga zauren alƙali zuwa kotun ƙananan ƙararraki a Gombe

Mutumin da ya sayi tantabaru ko zomaye a hannun mai kiwo a Gombe, suka kwana biyu suka fara mutuwa, yakan ɗauka shiga kotu a kan irin wannan sabon abu ne. Alhali haƙƙin mayar da dabba mai aibi ya girmi garin Gombe na yanzu. Abin da ya ɓace shi ne shaidar da ke sa haƙƙin ya yi aiki.

Tun da Modibbo Buba Yero ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarautarsa a Gombe Abba, alƙalai da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, musamman Risala da Muhtasar Halil. Ƙa'idar a fili take: wanda ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, ko ya riƙe dabbar a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In wani aibin ya ƙaru a hannunsa, yana iya riƙewa a biya shi gwargwadon tsohon. In an yi sharaɗin zaɓi, kimanin kwana uku ake ba mai sayen dabba. Saniyar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye, ita ma ana mayar da ita tare da sa'i ɗaya na abinci a madadin nonon da aka tatsa. A mashhurin mazhabar ma, mai dabba ba ya kuɓuta don kawai ya ce ya sayar a yadda take.

Sai dai mafi yawan irin wannan rigima ba ta kai zauren alƙali, domin kasuwa na da tata shari'ar. Bayan an mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan Gombe Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963, fataucin dabbobi ya bunƙasa, baƙi suka yawaita. Abin da ya riƙe amana tsakaninsu shi ne dillali. A gabansa ake buɗe bakin rago a duba haƙora, a ja fatar ido a ga ko ta yi fari, a kora shi a ga tafiyarsa, kafin mai shi ya ce ya sallama. La'adar da dillali ke karɓa har da ladan zama shaida: ya san rugar da dabbar ta fito, ya san gidan da ta shiga. In ciwon huhu ko sammore ya bayyana, shi ake fara nema, in ta gagara a je wurin shugabannin tike, wato kasuwar dabbobi.

Wani zai ce dillalan ma ai sun yi suna wajen rufe aibi. Haka ne, amma dillali gobe ma a kasuwar zai zauna, kuma wanda aka kama sau biyu ya rasa masu kawo masa kaya. Wani kuma zai ce ciwo yakan ɓuya kwanaki, mai sayarwa bai sani ba. Fiƙihu bai rataya mayarwa a kan mugun nufi ba. Tambayarsa ita ce, ciwon ya riga ciniki ko bayansa ya zo? Wannan kuwa sai da masana, jiya makiyaya da mahauta, yau likitan dabbobi.

A 1968 aka cire kotunan alƙalai daga hannun sarakuna. Legas ta buɗe kotun ƙananan ƙararraki a 2018, Kano a 2019, jihohi da dama suka bi sahu, don a yanke ƙaramar shari'ar kuɗi da sauri ba sai da lauya ba. Saurin abin yabo ne, amma alƙali ba ya hukunci da abin da bai gani ba. Cinikin kwikwiyo ko kaji ta WhatsApp, a tura kuɗi a aiko kaya a mota, ba shi da dillali. Don haka mai saye shi zai tanadi abin da dillali ke tanada a da: shaidar biyan kuɗi, saƙonnin ciniki, sharaɗin kwanakin zaɓi a rubuce, da takardar likita tun ranar da dabbar ta iso.