Ma'aikatan da ba sa koyarwa a kwalejoji: matsayinsu a shugabanci da hanyar ƙarin girma

Duk ɗalibin da ya taɓa hawa adaidaita-sahu daga Unguwar Gano ko Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano domin karɓar sakamako, ya san ba a ofishin malaminsa zai kwashe takardar ba. Tana hannun ma'aikatan ofishin magatakarda. Su da ma'aikatan sashen kuɗi, da na ɗakin karatu, da masu kula da ɗakunan gwaji, da direbobi, su ake kira ma'aikatan da ba sa koyarwa. Rajistar ɗalibai da ajiyar sakamako da lissafin kuɗin makaranta duk ta hannunsu suke bi.

Kujerarsu a majalisa

Kowace kwaleji tana da majalisar gudanarwa, wadda ke amincewa da kasafin kuɗi da ɗaukar manyan ma'aikata da ladabtarwa. Magatakarda, wanda shi ne jagoran ma'aikatan mulki, shi ne sakataren majalisar. Aikinsa a wurin shi ne ba da shawara da rubuta abin da aka yanke.

Gyaran da aka yi wa dokar kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya a 2019 ya tanadi wakilai uku da babban taron ma'aikata zai zaɓa zuwa majalisar, ɗaya daga cikinsu wanda ba ya koyarwa. Dokar ta shafi makarantun tarayya ne. Kwalejojin gwamnatin Kano kuwa, kowacce da dokar jihar da ta kafa ta, kuma a nan ake sanin wanda ke da kujera.

Saboda ƙarancin wannan wakilci, muryarsu ta fi fitowa ta bakin ƙungiyoyi: NASU, da SSANIP ta manyan ma'aikatan kwalejojin fasaha, da SSUCOEN ta kwalejojin ilimi. Ranar da suka tafi yajin aiki, ko da malamai na cikin aji, rajista da fitar da takardun shaida kan tsaya cak.

Matakan ƙarin girma

Albashinsu yana kan tsarin CONTEDISS mai matakai 15, na malamai kuma yana kan CONPCASS. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke sa ido kan kwalejojin fasaha, NCCE da aka kafa a 1989 kuma tana kula da na ilimi.

Mai digiri yakan fara a matsayin jami'in mulki, ya zama mataimakin magatakarda, ya yi ta hawa har zuwa muƙaddashinsa. Mai babbar difloma ta HND kuwa galibi wani layin daban ake ɗora shi, wanda ke ƙarewa kafin ƙololuwa, sai fa idan ya ƙaro karatu an sauya masa layi. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin kawar da bambanci tsakanin digiri da HND a 2021, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Wato kwalejin da ke yaye masu HND ita ma tana ajiye su a baya idan ta ɗauke su aiki.

Ƙaro karatun ma ba a banza yake ba. Tallafin TETFund na digiri na biyu da na uku na malamai ne, don haka ma'aikacin ofis yakan biya wa kansa daga albashi. Masu shara da masu gadi da yawa kuwa, tun sauye-sauyen zamanin Obasanjo aka mayar da su hannun 'yan kwangila a makarantun tarayya, inda babu matakin hawa ko ɗaya.

Abin da ya kamata a tambaya

Mai son bin diddigin wata kwaleji zai iya neman abu uku: dokar da ta kafa ta, sunayen mambobin majalisarta da yadda aka zaɓo wakilin waɗannan ma'aikata, da ranar da kwamitin ƙarin girma ya yi zamansa na ƙarshe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce daga hukumomin tarayya, kuma ta ɗibar musu kwana bakwai su ba da amsa.