Gidanmu na Abijan: Tarihin Filin Ƙwallon Kwatano

Ranar 10 ga Yunin 2024 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jamhuriyar Benin ta doke Najeriya da ci 2 da 1. Raphael Onyedika ne ya fara zura wa Benin ƙwallo, Jodel Dossou ya farke, Steve Mounié ya ƙara ta biyu ana dab da tafiya hutun rabin lokaci. A takardar FIFA an rubuta cewa Benin ce mai masaukin baƙi. Amma mu mazauna Placodji da Zangon Kwatano a talabijin ɗin mai shayi muka kalli wasan, domin an buga shi ne a filin Félix Houphouët-Boigny da ke Abijan. Wanda ya so ganinsa da ido ta hanyar mota sai ya ƙetare iyaka uku: Hilacondji, Aflao, sannan Elubo. Filinmu kuwa yana nan Kouhounou, tafiyar 'yan mintoci a kan zemijan, ƙofarsa a rufe.

Yadda aka kai ga haka tsohon labari ne, kuma daga sunayen filayen ma mutum zai fara gane shi.

Wanda ya tsaya bakin ruwa a Placodji ya dubi ƙetaren mashigin da ya raba Kwatano biyu, Akpakpa yake kallo. A can tsohon filin René Pleven yake, inda iyayenmu suka koyi kallon ƙwallo, gada kawai suke hayewa da ƙafa. Pleven ɗan siyasar Faransa ne da ya riƙe firaminista sau biyu a farkon shekarun 1950. Na Porto-Novo, babban birnin ƙasa, sunan Charles de Gaulle yake ɗauke da shi. Wato manyan filaye biyu na farko sunayen Faransawa ne a goshinsu.

Na ukun ya zo ta wata hanya. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki ranar 26 ga Oktoban 1972, bai daɗe ba ya maido da hulɗa da Sin, a 1974 ya ce ƙasa ta rungumi gurguzu, a 1975 aka canza sunanta daga Dahomey zuwa Benin. Daga cikin ribar wannan abota, Sinawa suka gina babban fili a Kouhounou, aka buɗe shi a 1982, aka sa masa suna Filin Abota. A da ana lissafa yana cin mutum dubu 35. Bayan rasuwar Kérékou a Oktoban 2015 aka ƙara sunansa a kan na filin. Ba Benin kaɗai ta samu irin wannan kyauta ba: filin Seyni Kountché na Yamai da na Kégué a Lome duk hannun Sinawa ne.

Kyauta tana da daɗin karɓa. Abin da ba ya zuwa tare da ita shi ne kuɗin ban ruwan ciyawa, da canjin fitilun da suka mutu, da gyaran makewayi. Waɗannan na mai gida ne, kuma ba aikin da ake yanka kirtani a kansa gaban 'yan jarida ba ne. A ganina nan ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Duk da haka filin ya ga ranaku. A Janairun 2005 Benin ta karɓi gasar matasan Afirka 'yan ƙasa da shekara 20. Najeriya ta Samson Siasia ta ɗauki kofin bayan ta doke Masar, Benin ta zo ta uku. Mu 'yan Zango a irin wannan rana zuciyarmu biyu take: katin shaidarmu na nan, kakanninmu kuwa wasu daga Kano, wasu daga Sakkwato, wasu daga Maraɗi. Gasar ta bar tabo kuma, domin bayan Najeriya ta ci Benin 3 da nema a wasan farko, wasu suka far wa mai tsaron ragar Benin, Samiou Yessoufou, matashi ɗan shekara 18, ya rasu sakamakon dukan. Allah Ya jiƙansa.

A Maris ɗin 2019 aka cika filin maƙil, Benin ta ci Togo 2 da 1, ta samu tikitin zuwa gasar Afirka a Masar, inda ta fitar da Maroko da bugun fanareti ta kai zagayen 'yan takwas. Ba ta taɓa yin nisa haka ba. Sai dai 'yan wasan sun dawo daidai lokacin da gidan nasu ya shiga hannun magina. Sinawan da suka gina shi su aka koma wa don gyara, annobar korona ta faɗo a tsakiyar aiki, aka kai 2021 ba a gama ba. A tsakanin nan Porto-Novo ce ta riƙe ƙungiyar ƙasa. Can aka yi wasan 27 ga Maris 2021, wanda 'yan Najeriya suka zo masa cikin jirgin ruwa daga Legas, Paul Onuachu ya ci ƙwallo ɗaya tilo a mintocin ƙarshe. Wannan hijirar ba ta dame mu sosai ba. Porto-Novo kilomita talatin da 'yan kai ce, mutum ya yi azahar a masallacin Zango, ya je ya dawo ya yi isha'i a gida.

Da aka buɗe filin kuwa, an buɗe shi da girma. Ranar 10 ga Yulin 2021 CAF ta kawo wasan ƙarshe na kofin Confederation nan Kwatano, Raja ta Kasabalanka ta doke JS Kabylie ta Aljeriya 2 da 1. A Yunin 2022 Nijar, wadda CAF ba ta amince da filinta na Yamai ba, ta zo ta karɓi baƙuncin Tanzaniya a Kouhounou, aka tashi 1 da 1. Ranar nan 'yan Nijar mazauna garin nan, masu kanti da masu canji da 'yan tireda, sun ga ƙungiyarsu ba tare da sun biya kuɗin mota zuwa Malanville ba. Har tsiya muka riƙa yi musu, muna cewa mun ba su aron ɗaki.

Ashe namu na tafe. Shekara uku ba ta cika da wancan wasan ƙarshe ba, filin da CAF ta zaɓa da kanta ya fita daga jerin waɗanda ta amince da su. Hukumar ta tsaurara sharuɗɗanta tun 2021, kan ciyawa, fitilu, kujeru, ɗakunan sauya kaya da wurin 'yan jarida, kuma ƙasashe da yawa sun faɗi wannan jarrabawa. Ana iya cewa sharuɗɗan sun yi wa talakan ƙasa tsauri, ni ma ina da wannan ra'ayi a wasu wurare. Amma fili da aka gama gyarawa a 2021 ya kasa kai 2024, wannan ba laifin mai duba ba ne. Gwamnatin Patrice Talon ta gina filaye 22 a ƙananan hukumomi, abin a yaba, yara sun samu wurin wasa. Sai dai ƙanana ne, babu wanda zai ɗauki wasan ƙasa da ƙasa. Da babban ya rufe, babu na biyu.

Haka Benin, wadda ta sauya laƙabi daga Kurege zuwa Guépards a 2022, ta buga duka wasanninta biyar na gida a neman zuwa gasar duniya ta 2026 a Abijan. Gaskiya ɗaya ce, ba za a ce hijirar ta cutar da sakamako ba. Yaran Gernot Rohr sun ci Ruwanda, Najeriya, Zimbabuwe da Lesoto a can, Afirka ta Kudu kaɗai ta doke su. Ƙasar ba ta taɓa matsowa kusa da gasar duniya haka ba, kuma wannan ne abin takaicin: mafi kyawun tafiyarta, mutanenta ba su gani da ido ba. Asarar ta faɗa kan mai tsire da ke kafa tukuba a bakin ƙofa ranar wasa, da mai sayar da riguna da ya saro kaya a Dantokpa, da ɗan zemijan da kan yi cinikin kwana uku a yamma ɗaya. 'Yan uwanmu na Kano sun ɗanɗana irin wannan lokacin da aka mai da filin Sani Abacha wurin killace masu korona a 2020, Kano Pillars ta koma karɓar baƙi a Kaduna.

Akwai ɗan ƙanena da ya fara hankalin ƙwallo a 2023. Ya haddace sunayen 'yan wasan Benin kaf, har lambar rigunansu. Wata rana muna wucewa ta Kouhounou na nuna masa fitilun filin, na ce nan ne gidansu Mounié. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai gidansu Abijan ne."

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Benin ta je Uyo tana saman rukuni. Victor Osimhen ya ci uku, aka tashi 4 da nema. Afirka ta Kudu ta wuce da maki 18, Benin ta tsaya a 17. Wasan da ya raba su shi ne na 25 ga Maris 2025, wanda Afirka ta Kudu ta ci 2 da nema a Abijan, wasan da takarda ta ce a gidanmu aka buga.