Gayya da Kokawa a Ƙasar Bagudo

A ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka rattaba hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar da ta tsaga ƙasashen Borgu da Dendi, Illo da ke ƙasar Bagudo ta faɗa rabon Ingila, ƙauyukan da ke yamma da ita suka shiga Dahomey, wato Benin ta yau. Sai dai manoman ƙasar Bagudo, na Bahindi da Kaoje da Lolo, sun ci gaba da ƙirga shekara da saukar ruwa, kuma wasanninsu duka a kan noma suka ratayu.

A da, idan damina ta zauna, ciyawa ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai a kira gayya. Mai gona ya raba goro, ran da aka sa samari su jeru a bakin kuyya da fartanya, makaɗin gangar noma na biye da su yana yi wa kowa kirarin ubansa, mata kuma na tafe da ƙoren fura a ka. Ba a biyan ko anini, domin bashin ƙarfi ne, wanda aka yi wa yau shi zai je gobe. Saurayin da ke neman aure yakan kwashi abokansa zuwa gonar surukinsa, kuma a nan dattawa ke auna shi, awon da a ganina ya fi na lefe gaskiya.

Da kaka, bayan dammunan gero sun shiga rumbu, sai kokawa ta karɓi dandali. Ƙauye ya gayyaci ƙauye, Bahaushe ya kama Badande ko Bazabarme, kowa da warki a ƙugu da layu a damtse, kuma da gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kaye. Da dare 'yan mata su yi gaɗa a farin wata.

Abin da iyaka ta kasa, fari ya yi shi. A 1973, sannan a 1984, rumbuna suka zama wayam, samari suka bazama cin rani, suka saba da aikin da ake biya da kuɗi a hannu. Kokawa ta sami mai riƙe ta, domin a 1975 gwamnatin Nijar ta buɗe gasar ƙasa a Tawa, wadda zakaranta ke ɗaukar takobi har yau. Gayya ba ta sami irin wannan gata ba. Sannu a hankali ƙwadago ya ci wurinta, daga baya maganin feshi ya rage noman ciyawar kansa, makaɗan noma da yawa suka koma kiɗan biki.